Filifes

Filifes wani rukuni ne na furotin da ke zaune a cikin tantanin sel, wanda aikinsa shi ne ɗauko ƙwayoyin maiƙon da ake kira fosfolifid daga fuskar tantanin ta waje ya juya su zuwa fuskar ciki. Ana lissafa shi cikin inzayim, domin yana fasa sinadarin ATP ne ya samu ƙarfin yin wannan aiki. Yana da abokan aiki iri biyu: fulofes, mai tura maiƙon daga ciki zuwa waje, da sikirambiles, mai barin maiƙon ya ƙetara ta kowane ɓangare ba tare da zaɓi ba. Su ukun nan ne ke tsara irin maiƙon da zai kasance a kowace fuska ta tantanin, kuma daskarewar jini, da kawar da matattun sel, da fitar ruwan ɗaci daga hanta duk sun dogara ga wannan tsari. A jikin ɗan Adam akwai filifes 14 daga dangin da ake kira P4-ATPase, kuma lalacewar wasu daga cikinsu tana haddasa cututtukan gado na hanta, ƙwaƙwalwa, ji da jini.

Asalin suna

A Turance ana rubuta sunan flippase. An haɗa shi ne daga aikatau flip, wato kifewa ko juyawa, da ɗafa-ƙeyar -ase da masana ke liƙa wa sunan kowane inzayim. Masanin nan na Birtaniya Mark Bretscher, da ke aiki a Kembirij, shi ne ya raɗa sunan a farkon shekarun 1970, tun kafin kowa ya ga furotin ɗin. Tunaninsa shi ne tunda ana ƙera maiƙon a fuska ɗaya ta tantani amma ana samunsa a fuskoki biyu, dole akwai wani abu mai ƙetarar da shi.

Akwai ɗan ruɗani game da sunan. Wasu littattafai suna kiran duk wani furotin mai ƙetarar da maiƙo filifes, wasu kuma sun keɓe sunan ga mai shigarwa ciki da taimakon ATP kaɗai. Wannan maƙala ta bi ma'ana ta biyu. Haka kuma a rubuce-rubucen Hausa akan ci karo da "tantanin halitta" da "ƙwayar halitta" da ma'anoni mabambanta, shi ya sa a nan aka yi amfani da "sel" ga ƙaramin ginshiƙin jiki, "tantani" ga fatar da ta lulluɓe shi, sannan "ƙwayar gado" ga umarnin da ake gada daga iyaye.

Yadda tantanin sel yake

Kowace ƙwayar fosfolifid tana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi biyu na maiƙo masu gudun ruwa. Idan suka taru a cikin ruwa sai su jeru shimfiɗa biyu, wutsiyoyi suna fuskantar juna a tsakiya, kawuna suna kallon ruwan ciki da na waje. Kaurin wannan shimfiɗa bai wuce kimanin nanomita 5 ba. Masana biyu 'yan Holan, Gorter da Grendel, su ne suka fara kawo hujjar cewa shimfiɗar biyu ce a shekarar 1925, bayan sun tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini sun auna faɗin da ya mamaye.

A cikin shimfiɗa ɗaya, ƙwayoyin maiƙon suna yawo gefe da gefe cikin sauri. Ƙetarawa zuwa ɗaya shimfiɗar ita ce mai wuya, domin sai kan mai son ruwa ya ratsa ta tsakiyar maiƙo. A 1971 Roger Kornberg da Harden McConnell sun auna wannan a tantanin da aka haɗa a ɗakin gwaji, suka ga sai an yi sa'o'i shida da rabi kafin rabin ƙwayoyin da suka yi wa alama su ƙetara. Sel mai rai ba zai iya jiran wannan ba.

Abu na biyu da aka gano shi ne fuskokin biyu ba iri ɗaya ba ne. A jan ƙwayar jinin mutum, mafi yawan fosfatidilkolin da sifingomayelin suna fuskar waje. Kimanin kashi 80 cikin 100 na fosfatidil-etanolamin yana ciki, shi kuwa fosfatidilserin, wanda ake taƙaitawa da PS, kusan dukkansa yana ciki. PS yana ɗauke da cajin lantarki marar kyau, saboda haka fuskar ciki takan jawo furotin masu kishiyar wannan caji su manne mata. Fitowarsa waje kuwa saƙo ne ga sauran jiki, kamar yadda za a gani a gaba.

Tarihin ganowa

A 1984 Michel Seigneuret da Philippe Devaux, a birnin Faris, suka nuna cewa jan ƙwayar jini tana shigar da PS da fosfatidil-etanolamin ciki da sauri, amma ba ta yin haka ga fosfatidilkolin, kuma aikin yana tsayawa idan ATP ya ƙare. Wannan ne ya tabbatar da cewa akwai inzayim a bayan lamarin. Gano ko wane furotin ne ya ɗauki ƙarin shekaru 12. A 1996 wata tawaga a Amurka da ta haɗa da Robert Schlegel da Patrick Williamson ta danganta aikin da wani furotin da aka ciro daga jikin saniya, wanda yanzu ake kira ATP8A1, da kuma ɗan'uwansa Drs2 na cikin yis. Duka biyun sun fito ne daga babban dangin famfunan tantani irin na famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Christian Skou na Denmak ya gano a 1957, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1997.

Sikirambiles sun fi daɗewa a ɓoye. Tawagar Shigekazu Nagata a Japan ce ta gano TMEM16F a 2010, sannan Xkr8 a 2013. Siffar filifes kanta ba a gan ta dalla-dalla ba sai a 2019, lokacin da aka yi amfani da madubin ilektiron mai daskarar da samfuri: wata tawaga a Tokiyo ta fitar da siffar ATP8A1 na mutum, wata kuma da ta haɗa masana daga Aarhus ta Denmak ta fitar da ta Drs2.

Ire-irensu

Filifes na mutum 14 su ne ATP8A1 da ATP8A2, sai ATP8B1 zuwa ATP8B4, sai ATP9A da ATP9B, sai ATP10A, ATP10B da ATP10D, sannan ATP11A, ATP11B da ATP11C. Yis yana da biyar, ƙaramin tsiron gwaji Arabidopsis kuma yana da 12. Ba kowanne ne ke ɗaukar maiƙo iri ɗaya ba: 'yan gidan ATP8A da ATP11 sun fi son PS, wasu suna ɗaukar fosfatidilkolin, wasu daga gidan ATP10 kuma suna ɗaukar wani maiƙo mai sukari a kansa. Yawancinsu ba sa iya barin inda aka ƙera su a cikin sel sai sun haɗu da wani ƙaramin furotin mai suna CDC50, galibi CDC50A. ATP9A da ATP9B ne kaɗai ba sa buƙatarsa.

Fulofes kuwa daga wani dangi suke daban, wato masu sufuri na ABC. Daga cikinsu akwai ABCB4, mai zuba fosfatidilkolin a cikin ruwan ɗaci, da ABCA1, mai miƙa kwalastaral da fosfolifid ga furotin da ke kwashe su a jini. Su ma suna cin ATP. Sikirambiles ba sa cin komai. Ƙofa kawai suke buɗewa, maiƙo ya bi ta ko'ina har fuskokin biyu su gauraye. Saurinsu ya ninka na filifes nesa ba kusa ba, don haka da zarar sun buɗe, aikin da filifes ya daɗe yana yi yakan rushe cikin ɗan lokaci.

Yadda yake aiki

Jikin filifes yana ratsa tantani sau goma, yana kuma da sassa uku da suka leƙo cikin sel: ɗaya yana kama ATP, ɗaya yana karɓar fosfet ɗin da aka ɓalle daga ATP, na ukun kuma yana cire wannan fosfet daga baya. Karɓar fosfet tana sa furotin ya sauya siffa ya buɗe wata kafa ta fuskar waje, inda kan maiƙon zai shiga. Shigar kan ita ce ke tayar da cire fosfet ɗin, sai furotin ya koma siffarsa ta farko, kafar ta buɗe ta fuskar ciki, ya saki maiƙon.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne girman kayan. 'Yan'uwan filifes suna ɗaukar ƙananan abubuwa ne kamar sodiyam da kalsiyam, amma fosfolifid ya ninka su girma sosai. Amsar da hotunan 2019 suka ƙarfafa ita ce ba dukan ƙwayar ce ke shiga cikin furotin ba. Kai ne kawai ke bi ta wani kwari a gefen furotin, wutsiyoyin kuma suna nan a cikin maiƙon tantani suna binsa. Masana sukan kwatanta wannan da goga katin banki a jikin na'ura: gefen katin ne ke bi ta tsagar, sauran yana hannun mai shi.

Amfaninsa a jiki

Aiki na farko shi ne lanƙwasa tantani. Idan aka riƙa kwashe maiƙo daga fuska ɗaya ana tarawa a ɗaya, fuskar da ta cika sai ta fi faɗi, tantanin ya lanƙwashe. Ta haka filifes ke taimakawa wajen tsiro da ƙananan jakunkunan da sel ke aika kaya a cikinsu daga wani sashe zuwa wani. An fi nazarin wannan a yis, inda rashin Drs2 ke dagula fitar jakunkuna daga sashen Golgi.

Na biyu shi ne daskarewar jini. Ƙananan ƙwayoyin jinin da ake kira filatilet suna yawo da PS ɗinsu a ɓoye. Idan jijiya ta tsage, kalsiyam yakan ƙaru a cikinsu, ya dakatar da filifes, ya buɗe TMEM16F. PS da ya fito waje sai ya zama dandalin da furotin masu daskarar da jini ke taruwa a kai da taimakon kalsiyam, kuma a kan wannan dandali saurin samar da sinadarin turombin yana ninkuwa dubbai. Wannan ya sa daskarewa take faruwa a bakin rauni kawai. Da PS yana waje kullum, da jini ya riƙa yin guda a cikin lafiyayyun jijiyoyi.

Na uku shi ne alamar mutuwa. Biliyoyin sel suna mutuwa a jikin mutum kowace rana ta hanyar tsararriyar mutuwa da ake kira afoftosis. A lokacin, wasu inzayim masu suna kasfes suna yanka ATP11A da ATP11C su kashe su, suna kuma yanka Xkr8, amma shi yankan kunna shi yake yi. Bambancin wannan da na filatilet shi ne babu komawa baya, tunda an lalata filifes ɗin. Manyan sel masu haɗiya, wato makarofej, suna gane PS su cinye gawar kafin ta fashe ta jawo kumburi. Valerie Fadok da abokan aikinta ne suka nuna haka a 1992. A ɗakunan gwaji a yau, hanyar da aka fi bi wajen ƙirga sel masu mutuwa ita ce a zuba musu furotin aneksin 5 mai ƙyalli, wanda ke manne wa PS.

Cututtuka

Cutar da aka fi sani ita ce toshewar ruwan ɗaci ta gado nau'i na ɗaya, wadda likitoci ke kira PFIC1 ko cutar Byler. An fara bayyana ta a shekarun 1960 a cikin zuriyar wani mutum mai suna Jacob Byler, daga al'ummar Amish ta Amurka, inda auren dangi ya yawaita. A 1998 aka gano cewa matsalar tana ƙwayar gadon ATP8B1 da ke kan kuromosom na 18. Sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka kafin cutar ta bayyana. An kuma samu irinta a tsakanin mutanen Inuit na Girinlan. Dukan nau'o'in PFIC idan aka haɗa su ana ƙiyasta suna shafar jariri ɗaya cikin 50,000 zuwa 100,000.

Alamominta suna farawa tun cikin watannin farko na rayuwa: shawara, rashin girma, gudawa, da ƙaiƙayi mai tsanani wanda ke hana yaro barci har ya soshe jikinsa ya yi jini. Ruwan ɗaci yana narkar da maiƙo kamar sabulu, don haka tantanin sel ɗin hanta da ke fuskantarsa dole ya kasance mai tauri. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne rashin ATP8B1 yana raunana wannan tantani, gishirin ruwan ɗaci ya riƙa yagar kwalastaral daga jikinsa, famfon da ke fitar da gishirin kuma ya rage aiki, sai gishirin ya taru a hanta da jini. Har yanzu masana suna da saɓani kan ainihin maiƙon da ATP8B1 ke juyawa a hanta. Wata alama da ke taimaka wa likita ita ce inzayim ɗin GGT yakan kasance daidai a gwajin jini, alhali a yawancin cututtukan toshewar ruwan ɗaci hawa yake yi.

Tunda ATP8B1 yana aiki a hanji da fankiriyas da cikin kunne, dashen hanta ba ya gama matsalar. Gudawa takan ci gaba ko ma ta ƙaru, sabuwar hantar kuma takan tara kitse, wasu kuma suna samun raunin ji. Akwai tiyatar karkatar da wani kaso na ruwan ɗaci, sannan a 2021 hukumomin magunguna na Tarayyar Turai da Amurka sun amince da maganin odevixibat, wanda ke hana hanji sake tsotse gishirin ruwan ɗaci. Maganin yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya gyara filifes ɗin. Idan sauyin da ke ƙwayar gadon mai sauƙi ne, cutar takan zo jefi-jefi ta tafi ba tare da ta lalata hanta ba, ana kiran wannan BRIC1. Lalacewar fulofes ABCB4 kuwa ita ke haddasa PFIC3, inda ruwan ɗaci ke fita ba tare da fosfatidilkolin mai rage kaifinsa ba, sai ya riƙa cin bututun da yake bi.

ATP8A2 yana da yawa a ƙwaƙwalwa da bayan ido. A 2013 aka danganta sauyi a cikinsa da wata cuta a wani gida a Turkiyya, mai haɗa rashin daidaiton tafiya da tawayar fahimta, har wasu daga cikin masu ita suna tafiya da hannuwa da ƙafafu. Marasa lafiyar da aka gano daga baya a wasu ƙasashe suna da sakin jiki, motsin da ba su iya sarrafawa, da shanyewar jijiyar gani. ATP11C, da ke kan kuromosom X, shi ne babban filifes na jan ƙwayar jinin mutum, kuma a 2016 aka ba da rahoton ƙarancin jini na gado saboda lalacewarsa. ATP11A yana da misali mai ban sha'awa: an samu wani sauyi na harafi ɗaya da bai kashe furotin ba, sai dai ya sa shi ɗaukar fosfatidilkolin wanda ba nasa ba, kuma wannan kuskuren zaɓi kaɗai ya jawo mummunar lalacewar ƙwaƙwalwa.

A ɓangaren sikirambiles akwai cutar Scott, wadda aka bayyana a 1979. Filatilet ɗin mai ita ba sa iya fito da PS saboda TMEM16F ya lalace, don haka yakan zubar da jini da yawa bayan tiyata ko haihuwa, alhali gwaje-gwajen daskarewar jini na yau da kullum suna nuna lafiya lau. Mutanen da aka tabbatar suna da ita a duniya 'yan kaɗan ne.

Sikila

Cututtukan da ke sama duk ba su da yawa. Inda rushewar tsarin PS ta fi shafar jama'a shi ne amosanin jini, wato sikila, wadda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kimanin 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Asalin cutar a himogulobin yake, ba a filifes ba. Sai dai yawan lanƙwashewa da miƙewar ƙwayar jini, tare da shigar kalsiyam da lahanin iskar oksijin, suna raunana filifes su kuma tayar da gaurayar maiƙo. Sakamakon haka wani kaso na jajayen ƙwayoyin mai sikila yana yawo da PS a waje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna saurin mannewa a bangon jijiya, suna ba daskarewar jini dandali, makarofej kuma suna kawar da su da wuri. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ƙwayar jinin mai sikila ke rayuwa kwana 10 zuwa 20 kawai, maimakon kimanin kwana 120.

Ƙwayoyin cuta da magunguna

Wasu ƙwayoyin bairos, irin su Ebola da dengi, suna lulluɓe kansu da tantani mai PS a waje. Sel mai haɗiya sai ya ɗauke su a matsayin gawar da ya kamata ya share, ya shigar da su da kansa. Sel ɗin kansa da jijiyoyin da ke ciyar da ƙari su ma sukan bayyana PS, abin da ke kwantar da garkuwar jiki. An gwada maganin bavituximab da nufin toshe wannan alama, amma an dakatar da babban gwajinsa kan kansar huhu a 2016 saboda bai ƙara wa marasa lafiya tsawon rai ba.

Misalin da ya fi fitowa fili na alaƙar filifes da magani shi ne na miltefosine, maganin sha na cutar kala-azar, wadda ta yi ƙamari a Indiya da gabashin Afirka, har da yankin Gadarif na Sudan. An yi wa maganin rajista a Indiya a 2002. Siffarsa ta yi kama da fosfolifid, don haka filifes ɗin ƙwayar Leishmania ne da kansa ke jawo shi ciki, kamar yadda masana a Granada ta Sifaniya suka nuna a 2003. Idan ƙwayar cutar ta samu sauyin da ya kashe wannan filifes ko abokin tafiyarsa na dangin CDC50, maganin ba ya shiga, sai ta zama mai jure masa.

Bakteriya ba su da P4-ATPase, amma suna da nasu masu juya maiƙo. MurJ yana ƙetarar da tubalin da ake gina bangon bakteriya da shi, MsbA kuma yana ƙetarar da maiƙon da ake shimfiɗa fatarsu ta waje da shi. Idan aka toshe ɗayansu bakteriyar takan mutu, shi ya sa masu neman sababbin magungunan kashe ƙwayoyin cuta suke gwada sinadaran da za su iya tsayar da su.